Shin Kyauta Tana Rage Haraji?

Kwanan baya mun zauna a wata makaranta a Hotoro tare da malamai da iyayen yara, ana shawarar yadda za a sami kuɗin ƙara ajujuwa. Sai wani dattijo ya tashi ya ce a tafi wajen masu masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa, a gaya musu kome suka bayar Gwamnati za ta cire musu daga haraji, watau ba za su yi hasarar ko kwabo ba. Jama'a suka yi na'am. Mu kuwa muka yi shiru, domin maganar rabinta ne gaskiya, kuma akawun kamfani zai gane haka kafin mu gama gaisuwa.

Ga yadda abin ya ke. Babban kamfani a Nijeriya yana biyan kashi 30 cikin 100 na ribarsa. Kyautar da doka ta yarda da ita, daga ribar a ke cire ta kafin a yanka haraji, ba daga harajin kansa ba. A ce wata masaƙa a Sharada ta ci ribar naira miliyan 500 a shekara. Harajinta miliyan 150 ke nan. In ta ba da kyautar miliyan 10, sai a yanka mata a kan miliyan 490, ta biya miliyan 147. To, an sauƙaƙa mata miliyan 3, amma miliyan 7 daga aljihunta suka fita. Wanda ya yi kyauta don neman riba kaɗai, lalle ya sayi sule uku da sule goma.

Sa'an nan akwai sharuɗɗa. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta sa iyaka, kada abin da za a cire ya wuce kashi 10 cikin 100 na ribar shekara, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ba ta ɗauke wannan iyaka ba. Kuma ba kowane hannu a ke miƙa wa ba. Sai asusu ko ƙungiya ko makaranta irin waɗanda doka ta amince da su, tare da rasit. Buhunan shinkafar da a ke rabawa a ƙofar gida da azumi suna da lada, amma ba su da gurbi a littafin mai haraji. Ƙananan kamfanoni kuwa, waɗanda aka yafe wa harajin riba, ba su da abin da za a rage musu tun farko.

Akawuna da malamai za su ce, mu fa? Mai albashi ana cire masa kuɗin fansho da na inshorar lafiya da wani kashi na kuɗin haya kafin a yanka masa, kuma naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Sadaka ba ta cikin wannan jeri. A ƙasar Malesiya dai zakkar da mutum ya biya ga hukuma ana cire ta ne daga harajinsa kai tsaye. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, sai dai zakka hanyarta daban, haraji hanyarsa daban. Dattawanmu da suka ga zamanin haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, sun san ba a taɓa karɓar sadaka a madadin takardar haraji ba.

Ra'ayinmu shi ne mu je Bompai ɗin, amma da gaskiya a bakinmu. Mu ce wa mai masana'anta, Alhaji, yaran nan su ne ma'aikatanka na gobe, in ka gina mana aji na naira goma, bakwai za ka ji a jikinka, muddin an bi ta hanyar da doka ta sani. Don haka muka roƙi hedimasta ya fara bincika wace hukuma ce za ta karɓi kuɗin ta ba da rasit, kafin a rubuta wa kowa takarda.