Gari, Rogo da Farar Wuta a Jikin Mutum

Da hutun da ya wuce na ziyarci kawuna a Gariki, cikin Inugu, inda yake fataucin shanu. Daga nan na bi ta Anacha har Fatakwal. Ko'ina na sauka a unguwar Hausawa, abin da na tarar ɗaya ne: mutanenmu da suka tashi da tuwon dawa da furar gero sun koma cin gari safe da yamma, don shi ne mai araha. Wannan ya sa na ga ya kamata in bayyana muku wani abu game da rogo.

Rogo yana da guba, musamman mai ɗaci. Turawa suna kiran gubar sayanaid. Shi ya sa matan Kudu sukan ɓare shi, su gurza, su ɗaure a buhu, su danne da nauyi kwana 3 ko 4 ya tsatse, sa'an nan su soya. Yawancin gubar takan fita ta haka, amma in an yi gaggawa don kasuwa, saura takan rage.

To, ina wannan saura ke tafiya? Abincin gina jiki kamar bango yake, an gina shi da tubala iri 20. Biyu daga ciki, watau metiyonin da sistin, suna ɗauke da farar wuta. Hanta takan ɗebi farar wutar nan ta haɗa da gubar, sai gubar ta zama wani abu mai sauƙin lahani, ya fita cikin fitsari. Jiki yana iya yin sistin daga metiyonin, amma metiyonin ba ya samuwa sai daga abinci. Rogo kuwa ba shi da shi sai ɗan kaɗan. Kun ga ke nan, wanda ya dogara ga rogo kaɗai yana cin gubar, ba ya cin makarinta.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1968 Likita Osuntokun da abokan aikinsa a asibitin jami'a na Badun suka auna jinin waɗansu marasa lafiya masu yawan cin rogo. Suna tangaɗi in suna tafiya, gani da ji kuma sun ragu. Aka tarar tubalan nan masu farar wuta sun yi ƙaranci ƙwarai a jininsu. A 1981 kuma fari ya auku a lardin Nampula ta ƙasar Mozambik, mutane suka ci rogo mai ɗaci ba su gyara shi sosai ba, fiye da 1,000 ƙafafunsu suka shanye, yawancinsu mata da yara.

Ba cewa nake a bar gari ba. Wanda aka tsatse da kyau ba abin tsoro ba ne. Amma a haɗa shi da kifi, ko nama, ko ƙwai, ko riɗi, ko gero. Wake da gyaɗa suna gina jiki, sai dai metiyonin ɗinsu kaɗan ne, kada a dogara gare su kaɗai.

Abin da ya ba ni mamaki, kawuna yana sayar da shanu, amma yaransa jiƙa gari suke da sukari su kwanta. Ya ku 'yan'uwana malaman gobe, duk inda aka tura ku, ku koya wa yara wannan, su kai gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.