Ba Wuƙar Likita Ce Ke Dawo da Dajin Ƙwaƙwalwa Ba

A zaman makokin wani maƙwabcinmu na sake jin maganar nan da ta daɗe da isata. Mutumin tela ne. An yi masa aiki a kai, ya dawo gida ya murmure, har ya koma kan kekensa yana karɓar ɗinkin sallah. Bayan wata takwas ciwon kai ya dawo, hannunsa na dama ya fara sakin almakashi, ba a jima ba ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa. Muna zaune a tabarma a ƙofar gida sai wani dattijo ya ce, "Ai daji ba ya son ƙarfe. Da ba su taɓa shi da wuƙa ba, da yanzu yana nan." Jama'a suka gyaɗa kai. Babban ɗan mamacin, wanda shi ya sa hannu a takardar aikin, yana gefe ya sunkuyar da kai. Ban ce uffan ba, don wurin ta'aziyya ba wurin gardama ba ne. Amma maganar nan tana kashe mutane, kuma tana ɗora wa masu rai laifin da ba su yi ba.

Ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa iri-iri ne. Wasu, kamar yawancin masu tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ana cire su mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda nake magana a kai shi ne mafi muni a cikin masu kama manya, wanda likitoci ke kira giliyobilastoma. A mafi yawan mutane ba a gano abin da ya jawo shi, sai 'yan kaɗan da suka gada ko waɗanda aka taɓa yi wa gashi da injin asibiti a kai tun suna yara.

Duk manomin da ya taɓa fama da tofa ko ƙiri-ƙiri a gona zai gane halin wannan ciwo. Ka nome saman fes, ka tattara ka ƙone, amma saiwar tana can ƙarƙashin ƙasa ta miƙe zuwa kunya ta gaba. Ruwa ɗaya sai ka ga ta tsiro. Ba fartanyarka ce ta shuka ta ba. Curin da ake gani a hoton MRI shi ne saman. Tun kafin mutum ya ji ciwon kai na farko, ƙwayoyin cutar sun riga sun sulale ɗaya-ɗaya, suna bin jijiyoyin jini da zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan sashe na ƙwaƙwalwa zuwa wancan. Wani lokaci har su bi ta gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu su haye. Babu hoton da ke nuna su, idon likita ma ba ya ganinsu. Wani masani mai suna Hans Joachim Scherer ya bayyana waɗannan hanyoyi tun 1938, daga binciken ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu.

An ma taɓa gwada abin da ya fi ƙarfin tunani. A 1928 wani likitan tiyata na asibitin Johns Hopkins a Amurka, Walter Dandy, ya ba da rahoton marasa lafiyan da ya cire wa ɓari guda na ƙwaƙwalwa, yana fatan ya tumɓuke ciwon da saiwarsa. Duk da haka, a cikin waɗanda suka tashi daga aikin, ciwon ya sake tsirowa. To, in cire rabin ƙwaƙwalwa bai isa ba, me za a ce da likitan da dole ya tsaya inda ya tsaya don kada ya bar mutum ba magana, ba tafiya? Ƙwaƙwalwa ba nono ba ce ko hanji da za a yanke da faɗi a zubar. Kaurin yatsa ɗaya na iya zama bambanci tsakanin mai gane 'ya'yansa da wanda ba ya gane su.

Masu cewa wuƙa ce ke watsa shi a jiki, sai su gaya mana ina yake watsuwa. Dajin nono ko na huhu kan bi jini ya tafi ƙashi da hanta. Wannan kuwa da wuya ya bar kai, bai kai mutum biyu cikin ɗari ba da ake samun ya fita zuwa wasu sassan jiki. Kusan takwas cikin goma na masu dawowa, a bakin ramin da aka cire na farko suke dawowa, cikin tazarar santimita biyu. Wato saiwar da ta rage ce ta tsiro a wurinta.

Gashi da magani ma ba su share ta duka. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge da ke tace abin da zai shige ta daga jini, kuma shingen nan da ke kare ta daga guba shi ne ke tare magunguna da yawa. Ga shi ƙwayoyin ciwon ba iri ɗaya ba ne ko a cikin curi guda. Magani ya kashe masu rauni, masu taurin kai su saura, wasunsu ma suna iya gyara ɓarnar da maganin ya yi musu. Su ne ke hayayyafa, shi ya sa ciwon da ya dawo yakan fi na farko ƙin jin magani.

Kada a ce rashin kuɗi ne ko sakacin likitocinmu. Sanata Edward Kennedy na Amurka an gano masa wannan ciwo a watan Mayun 2008, ya rasu a Agustan 2009. Sanata John McCain an gano masa a Yulin 2017, ya rasu a Agustan 2018. Beau, ɗan Joe Biden, ciwon nan ne ya ɗauke shi a 2015, lokacin mahaifinsa yana mataimakin shugaban ƙasa. Wane asibiti ne ya gagari waɗannan? Babban gwajin da aka wallafa a 2005, wanda har yau ake bin tsarinsa, ya nuna cewa in an haɗa gashi na mako shida da ƙwayar temozolomide bayan aiki, matsakaicin abin da ake rayuwa wata 14.6 ne, maimakon wata 12.1 da gashi kaɗai. Wanda ba a yi masa komai ba kuwa, galibi 'yan watanni ne. Wata takwas ɗin da telanmu ya yi yana aiki, yana sallah a jam'i, yana cin abinci da iyalinsa, aikin nan ne ya sa ya same su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cin kasuwa da wannan tsoro. Mutum ya ɗaura lasifika a mota, ko ya sayi fili a rediyo, ya ce yana narkar da kowane irin daji ba tare da aiki ba. A kwashe wata uku ana shan jiƙo, ana turare, ana cewa jifa ne, sai an ga ido ya rufe a garzaya asibiti. A ji tsoron Allah. Addu'a da neman magani ba su taɓa yin faɗa ba, amma mai karɓar kuɗin gonar marayu a kan alkawarin da ya san ƙarya ne, zai yi bayani.

In naku ne aka yi wa aiki, ku karɓi sakamakon gwajin tsokar da aka cire, ku tambayi sunan ciwon da matakinsa, a rubuta muku. Ku adana shi tare da duk hotunan a jaka ɗaya, don da tsohon hoto ake auna sabo. Kada jin sauƙi ya sa a fasa gashi. Injinan gashin kaɗan ne a ƙasar nan, tafiya Zariya ko Sakkwato ko Abuja da bin layi akwai wahala, saboda haka a fara neman gurbi tun rauni bai gama warkewa ba. Ranar komawa hoto ma kada a tsallake ta. In hoton watannin farko bayan gashi ya nuna kamar curin ya ƙaru, kada a yanke ƙauna nan take, wani lokaci kumburin gashin ne, likita zai sake dubawa.

Mai jinya ya sa ido. Ciwon kai mai tsanani da asuba tare da amai, farfaɗiya, jan ƙafa, harshe ya karye, yawan barci, ko mai haƙuri ya koma mai zafin rai yana mance sunaye, duk dalilin komawa asibiti ne a ranar. Canjin hali ba aljanu ba ne, wurin da ciwon ya danne ne. Ƙwayar dexamethasone mai rage kumburi ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali likita ke rage ta, kuma tana ɗaga sukari, sai a riƙa aunawa. Maganin farfaɗiya kada ya yanke. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, in ta wuce minti biyar a ɗauke shi zuwa asibiti. Ya bar tuƙi da hawa babur. Duk sassaƙen da ake ba shi a gaya wa likita. In ciwon ya dawo, kafin a sayar da gida ku tambayi likita kai tsaye: aiki na biyu me zai ƙara masa, kuma me zai iya rage masa? Ko an kai inda ba sauran aiki, akwai maganin zafi mai ƙarfi, ku nema, kada a bar shi yana murƙususu.

Bayan sadakar bakwai na je na sami ɗan telan. Ya ɗauko min jakar hotunan, muka ɗaga su a hasken taga. Na nuna masa inda sabon curin ya fito, daf da bakin tsohon ramin, na ba shi labarin Dandy. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, ka shiga ka faɗa wa Inna haka. Tun ranar jana'iza ba ta yi min magana ba."