Me ya sa talauci ya zauna inda ake noman hatsi?

Jihar Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi noman hatsi da wake a Nijar. Duk da haka, tana cikin waɗanda tamowa ta fi kama yara. A shekarar 2005, da cimaka ta yi tsada, Maraɗi da Damagaram sun sha wuya ƙwarai. Ina dalili? Dalilin arewa dabam, na kudu dabam.

A arewa, ruwan sama ne bai isa ba

Wajen Dakwaro gonaki suna da faɗi, amma damana gajera ce. Shekara guda a samu, shekara guda a rasa. Rijiyoyi suna da zurfi. Gidan likita da kasuwa suna nesa da ƙauyuka da yawa.

A kudu, gona ce ba ta isa ba

Wajen Madarumfa da Agye ruwa ya fi sauka, shi ya sa jama'a suka yi yawa. A ƙidayar 1988 mutanen jihar ba su kai miliyon 1 da rabi ba. A ƙidayar 2012 sun kai miliyon 3 da dubu 400. Mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Gandun da uba ya noma, yau ƴaƴa da jikoki sun raba shi. Ba a barin gona ta huta, don haka ta gaji.

Idan gona ta yi kaɗan, mace ce ke fara rasa gamanarta. Da gamanar nan kuwa take samun na cefane da abin ba yara.

Bashi yana ƙara nauyi

Mai ƙaramar gona yakan saida hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, don ya biya bashi. Da damana rumbu ya ƙare, sai ya saye shi da tsada. Yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Tasa ta yi ciyawa, amfanin baɗi ya ragu.

Abin da ya kamata a yi

A arewa, a riƙe iri mai nuna da wuri, a haɗa noma da kiwo. A kudu, a gyara ƴar gonar da ke hannu. A yi sassaben zamani, wato a bar gawo da kalgo su tofo. A kai taki. A bar wa mata gamanarsu.

Ko'ina, gari ya kafa rumbun tsimi. Mata su shiga asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar nan a 1991.

Jama'a, ku tattauna a makarantar yaƙi da jahilci: a garinku, ruwa ne ya yi kaɗan, ko gona? Ku soma gyara daga nan.