Asuwaki da lafiyar haƙora

Yaro yana da haƙoran nono 20. Idan ya kai wajen shekara 6, sai su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sababbi su tsiro. Babban mutum yana da haƙora 32. Waɗannan idan suka faɗi, wasu ba su sake tsirowa. Don haka dole a kula da su.

Me yake ɓata haƙori? Mutane suna cewa tsutsa ce take cinsa. Ba tsutsa ba ce. Bayan an ci tuwo, ko an sha fura da sukari, ko an tsotsi alewa, saura yana maƙalewa tsakanin haƙora. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna cin sauran nan, su fitar da ruwa mai tsami. Tsamin shi ne yake huda haƙori, ya yi kogo.

Tun kaka da kakanni, asuwaki ne maganin wannan. A Maradi ana sayar da shi a kasuwa, ɗaure-ɗaure. Manomin Jiratawa kuwa ba sai ya saya ba, a kan hanyar gona yake karyo reshen bedi. Bedi, wanda ake kira dogon yaro, asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Yana da ɗaci, amma yana tsabtace baki sosai. Ana kuma yin asuwaki da aduwa, da kirya, da saiwar marke.

Ga yadda ake yi. A wanke itacen. A ɓare bawon bakinsa, a tauna har ya yi laushi kamar gashi. Sai a goge haƙora a hankali, daga dasashi zuwa bakin haƙori, ciki da waje, har da turamen baya. A kurkure baki da ruwa mai tsabta. Ana yin haka da safe, da kuma dare kafin barci. Gobe a yanke bakin da aka tauna. Ba a aron asuwaki.

Idan dasashi ya kumbura, ana kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Idan haƙori yana ciwo, ana ɗora masa kanumfari. Kanumfari yana rage zogi, amma ba ya cike kogo. Ciwon da ya wuce kwana biyu, ko ya zo da zazzaɓi da kumburin kumatu, sai an je asibiti.

Wasu suna dirje haƙora da gawayi ko toka don su yi fari. Wannan yana kankare fatar haƙori, kuma ba ta dawowa. Ba kowane jan haƙori ne datti ba. Abin da ya faru a Tibiri ya nuna haka.

A shekarar 1985 mutanen Tibiri suka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi da aka haƙa da inji. Ruwan garau yake, amma yana ɗauke da wani sinadari mai suna fuluwor fiye da kima. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin litar ruwa. Yara da yawa da suka tashi da ruwan nan, haƙoransu suka yi ja, wasu ma ƙafafunsu suka lanƙwashe. An daɗe kafin a gane dalili. Irin wannan jan yana cikin haƙori, asuwaki ba ya fitar da shi. Mai shi ba ƙazami ba ne, bai kamata a yi masa dariya ba.

Tambayoyi
1. Me yake huda haƙori?
2. Da waɗanne itatuwa ake yin asuwaki a garinku?
3. Yaushe ya kamata mai ciwon haƙori ya je asibiti?
4. Me ya sa haƙoran yaran Tibiri suka yi ja?