Shingen Iyaka a Karkarar Amurka: A Wuyan Wa Gyaransa Ya Rataya?

Daga cikin mas'alolin da ake gani ƙanana, alhali kuwa sukan raba maƙwabta rabuwar da 'ya'ya da jikoki ke gada, akwai mas'alar shingen da ke tsakanin gonaki biyu: idan ya tsufa, dirkokinsa suka ruɓe, wayarsa ta tsinke, wa zai ɗauki nauyin gyaransa? A karkarar Amurka, inda gona guda takan kai eka ɗaruruwa, shingen iyaka kuma yakan yi tafiyar mil ko fiye, an daɗe da yanke amsa ɗaya a jihohi masu yawa, watau maƙwabtan biyu su raba ɗawainiyar rabi da rabi, ko sun so ko sun ƙi. Amma tun daga wajen 1970 wannan ƙa'ida take ta raunana, kotuna da majalisun jihohi suna ta karkata zuwa ga ra'ayin cewa mai dabba shi ne ya kamata ya biya, wanda ba ya kiwo kuwa a ƙyale shi. Wannan sauyi yana da sababai masu ƙarfi, yana kuma da illolin da ba a faye lura da su ba, don haka ya cancanci a auna shi da natsuwa.

Asalin ƙa'idar rabi da rabi

Dokar da Turawa suka ƙetara teku da ita daga Ingila ta ɗora wa mai dabba wajibcin tsare dabbarsa, har idan ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, shi zai biya diyya ko da gonar ba ta da shinge. Da suka sauka a ƙasa mai yalwar daji da ƙarancin gonaki, sai suka juya hukuncin, suka ce dabba ta yi yawonta, manomi kuwa ya kewaye shukarsa in yana son ya ci amfaninta, kuma har yau akwai ragowar wannan tsari a jihohin yamma irin su Teksas da Wayomin. Sa'ad da jama'a ta ƙaru, gona ta jingina da gona, kowane gida kuma yana da shanun tatsa da aladu da dawakin huɗa, sai ya zamana shinge guda yana yi wa gidaje biyu aiki guda, domin yana hana dabbar wannan shiga masarar wancan kamar yadda yake hana dabbar wancan shiga masarar wannan. Bayan Joseph Glidden, wani manomi na garin DeKalb a jihar Ilinoi, ya sami rajistar wayarsa mai ƙaya a 1874, kewaye fili mai faɗi ya yi sauƙi ko a inda babu itace, shinge ya bazu ko'ina a filayen tsakiyar ƙasar, dokokin raba ɗawainiyarsa kuma suka kafu daram.

Tsarin da suka shimfiɗa yana da hikima. A jihar Ayowa, alal misali, idan ɗaya daga cikin maƙwabta ya nemi ɗan'uwansa a rubuce, to ya wajaba a kansu su gina shingen tare, su kuma riƙa gyaransa tare. Idan suka saɓa, sai a kira zaɓaɓɓun wakilan ƙaramar gunduma, waɗanda doka ta ba su matsayin masu duba shinge, su taka har wurin, su saurari ɓangarorin biyu, su yanka wa kowa kasonsa. Wanda ya ƙi bin umarni kuwa, a yi aikin a madadinsa, a karɓi kuɗin daga gare shi kamar yadda ake karɓar haraji. Akwai kuma wani urfi da ya zama doka a wasu jihohi: kowa ya tsaya cikin gonarsa a daidai tsakiyar iyaka, ya fuskanci shingen, rabin da ke hannunsa na dama shi ne nasa. Ginshiƙin wannan duka abu ɗaya ne, shi ne cewa amfanin mutanen biyu daidai yake, saboda haka babu zalunci idan ɗawainiyarsu ta zama daidai.

Sababan da suka kawo sauyi

Sababi na farko shi ne raguwar manoma da rarrabuwar sana'arsu. A 1935 gonakin Amurka sun kai kimanin miliyan 6.8, amma ƙidayar 2022 ta sami kimanin miliyan 1.9 kawai. Tarakta ta kori doki daga gona, takin zamani ya rage buƙatar takin garke, manoma da yawa suka sayar da dabbobinsu suka koma noman masara da waken soya zalla, har suka riƙa tumɓuke shingayen da ke cikin gonakinsu domin manyan injuna su sami wurin juyawa. Irin wannan manomi, shinge ba ya ƙara masa ko da buhu ɗaya, sai dai ya tara masa ciyayi da ƙaya a bakin gona, don haka idan aka zo masa da lissafin rabin kuɗin waya yakan ga kamar an ce ya ciyar da shanun da ba nasa ba.

Sababi na biyu shi ne ƙaurar mutanen birni zuwa karkara. Ma'aikata da masu ritaya suna sayen 'yan ekoki a gefen gonaki don neman iska da kwanciyar hankali, ba su san urfin wurin ba, ba su taɓa jin labarin masu duba shinge ba, sai kwatsam takarda ta iso musu cewa ana bin su rabin kuɗin shingen da bai taɓa shiga lissafinsu ba. Waɗannan mutane sun san hanyar lauya, suna kuma da ƙuri'a, yawansu kuwa a gundumomi da dama ya rinjayi na masu kiwo. Sababi na uku shi ne tsadar aikin kansa: abin da a dā mutum da 'ya'yansa kan yi da itacen da suka saro a dajinsu, yanzu ya zama kwangilar da ake biyan dubban daloli a kanta, kuma gwargwadon nauyin kuɗi gwargwadon zafin jayayya.

Yadda kotuna da majalisu suka rarrabu

Da al'amarin ya kai gaban alƙalai, sai ra'ayi ya kasu biyu. A 1972 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Niyok, cikin shari'ar Sweeney da Murphy, ta yanke cewa tilasta wa wanda ba ya kiwo biyan rabin shingen da maƙwabcinsa ke buƙata domin shanunsa ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ƙolin jihar Vermont kuma ta bi wannan turba a 1989 cikin shari'ar Choquette da Perrault, bisa hujjar cewa zamanin da aka yi dokar dominsa ya shuɗe. Amma kotun ƙolin Ayowa, cikin shari'ar Gravert da Nebergall a 1995, ta tabbatar da tsohuwar dokar, ta kuma lissafa fa'idodin da ke isa ga wanda ba shi da ko akuya: kariya daga ɓarnar dabbar maƙwabci, da hana masu kutse, da tabbatar iyaka, da raguwar ƙararraki, da ƙaruwar darajar fili.

Majalisu kuwa sun nemi tsaka-tsaki. Jihar Misuri ta gyara dokarta a 2001, ta ɗora nauyin a kan mai dabba, da sharaɗin cewa idan maƙwabcin ya kawo dabbobi daga baya zai mayar da rabin kuɗin, ko da yake wasu gundumominta sun zaɓi zama a kan tsohon tsari. Jihar Ohayo a 2008 ta bar maganar rabi da rabi ta koma ga kason da ya dace da kowa, inda ake duba yanayin ƙasa, da rafuka da itatuwan da ke kan iyaka, da haɗarin kutse, da yawan dabbobin kowane ɓangare da irinsu. Kalifoniya ma, a dokarta ta 2013, ta ɗauka cewa amfanin maƙwabta daidai ne har sai an kawo hujjar akasin haka, ta wajabta sanarwa a rubuce kwana 30 kafin a fara aiki, ta kuma ba alƙali ikon rage kason wanda nauyin zai fi ƙarfinsa ko ya zarce amfaninsa.

Abin da sauyin ya haifar

Alherinsa na farko a bayyane yake. Tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata fili da ɗan fansho, wadda ba ta da saniya ba ta kuma da niyyar saye, an ɗauke mata nauyin da zai iya cinye guzurinta na shekara domin garken wani ya zauna lafiya. Wannan kuwa adalci ne da babu mai hankalin da zai yi musunsa. Haka kuma sharaɗin sanarwa ya toshe wata ƙofar zalunci, inda mutum kan gina shinge mai tsada bisa son ransa, sa'an nan ya aika wa maƙwabcinsa da lissafi.

Amma illolin ma ba kaɗan ba ne. Ƙaramin makiyayi, wanda ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, shi ne nauyin ya faɗa wa gaba ɗaya, alhali maƙwabcinsa mai masara yana barci da kwanciyar rai albarkacin wannan shinge da bai sa ko sisi a cikinsa ba. Idan kuwa nauyin ya yi yawa, gyara yakan jinkirta, saniya ta sami kafa ta fita, ta ɓarnata shuka ko ta hau titi mota ta buge ta, hasarar ta ninka kuɗin waya sau da yawa. Bayan haka, wanda ya biya shi kaɗai yakan ja shingen cikin filinsa don kada a ce na tarayya ne, wani lokaci maƙwabcin ma ya kafa nasa, a bar wani siririn lungu a tsakani wanda babu mai noma shi, da mutanen can ke kira lungun Shaiɗan. Wannan kuwa yana haifar da wata husumar da ta fi ta farko muni, domin a Ayowa, idan ɓangarorin biyu suka ɗauki shinge a matsayin iyaka har shekara goma, doka tana iya mayar da shi iyakar gaskiya, magada su wayi gari suna shari'a a kan abin da iyayensu suka yi shiru a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Illa mafi girma, a ganina, ita ce ƙaurar hukunci daga bakin gona zuwa zauren kotu. Masanin shari'a Robert Ellickson, wanda ya zauna da makiyayan gundumar Shasta a arewacin Kalifoniya, ya kuma wallafa bincikensa a 1991, ya tarar cewa akasarinsu ba su san abin da dokar shinge ta ce ba, ba su kuma damu da sani ba. Abin da suke bi shi ne kowa ya ɗauki kaso gwargwadon dabbobinsa, wannan ya kawo waya da dirkoki, wancan ya kawo ƙarfinsa, kai maƙwabci ƙara kuwa abin kunya ne a wurinsu. Wannan yana nuna cewa tsohuwar dokar tana aiki ne saboda akwai zumuncin da ke tausasa ta, kuma idan zumuncin ya gushe, babu sabuwar dokar da za ta cike gurbinsa, sai dai kuɗin lauya ya zarce kuɗin shingen da ake jayayya a kansa.

Ma'auni da hukunci

Mai karatun da ya zauna gaban malaman fiƙihu zai ga cewa mas'alar ba baƙuwa ba ce. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke sa'ad da taguwar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani, inda ya ɗora wa masu gona tsaronta da rana, ya kuma ɗora wa masu dabbobi lamunin abin da suka ɓata da dare, watau kowane ɓangare da nasa kason na kiyayewa. Shehu Halil kuma a Muhtasar ɗinsa ya kawo cewa abokin tarayya a cikin abin da ba ya rabuwa ana hukunta masa ko dai ya yi gyara ko ya sayar da kasonsa, don kada ƙiyawar ɗaya ta cutar da ɗayan. Ƙa'idar fuƙaha'u a nan sananniya ce: ɗawainiya tana bin amfani.

Idan aka ɗora dokokin Amurka a kan wannan ma'auni, za a ga cewa rabi da rabi na tilas ya zama zalunci tun ranar da amfanin maƙwabta ya daina zama daidai, haka kuma sauke nauyin duka a kan mai dabba ya bar wani yana cin moriyar abin da bai biya ba. Tafarkin da ya fi kusa da adalci shi ne wanda Ohayo da Kalifoniya suka doshi, watau a auna amfanin kowa a ba shi kasonsa, muddin masu aunawar mutanen wurin ne da suka san gonakin da masu su, kuma aka gabatar da sulhu a kan ƙara.

Mu ma a nan, da yake ma'aikata da 'yan kasuwa suna ta sayen gonaki a kewayen Kano da Kaduna da Abuja suna kewaye su da waya da bulo, a wuraren da a dā darni ko jerin itatuwa ya wadatar, wannan tambaya tana tafe gare mu. Saboda haka duk wanda zai kafa shinge a kan iyaka, ya kira maƙwabcinsa tun bai haƙa ramin farko ba, su tabbatar da iyakar a gaban mai unguwa da shaidu, su yanke kason kowa na gini da na gyara gwargwadon amfaninsa, su rubuta, kowa ya riƙe takardarsa, domin magadansu su tarar da yarjejeniya a rubuce, kada su tarar da husuma.