Shata ko haɗaka: yadda maganar ɗan kasuwa ke tsallaka iyaka ta salula

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela tafiya ce da ɗan kabu-kabu ke yi cikin ƴan mintoci. Amma in ɗan kasuwa mai layin Nijar ya kira abokin cinikinsa mai layin Najeriya a can, kiredin da za a cire masa na kiran ƙasar waje ne. In kuwa saƙon murya ya tura ta WhatsApp, abin da za a ci bai taka kara ya karya ba, ko da mutumin a Makka yake. Jama'a da dama na cewa cuta ce kawai ta kamfanoni. To, ba a rasa nono a ruga, sai dai asalin bambancin yana cikin hanyar da kowace magana ke bi.

Salula ba ta magana da salula ƴar uwarta kai tsaye, ko da rumfarku ɗaya. Da ka danna lamba, wayarka turken sadarwa mafi ƙarfi a kusa take nema, wato dogon ƙarfen nan mai jan fitila. Tun cikin wayar ake mayar da muryarka lambobi, sifiri da ɗaya. Turken ya miƙa su, ko ta faifan nan mai kama da ganga da ke maƙale a jikinsa, ko ta wayar gilashi da aka binne a ƙasa, zuwa babbar cibiyar kamfanin, wadda galibi tana can wani babban birni. Cibiyar ce ke duba lambar. In ta ga 234 a farko ta san kayan Najeriya ne, 227 Nijar, 229 Benin, 235 Cadi, 237 Kamaru. Sai ta miƙa kiran ga kamfanin wancan ɓangare, shi kuma ya duba rajistarsa ya ga yankin da mai layin yake, ya sa wayarsa ta yi ƙara. Kamfanin da ya karɓi kiran yana da kuɗin sauke kaya da yake caji, kuma daga aljihun mai kira suke fitowa. Ke nan maganar da kake gani ta taku kaɗan ce, tana iya yin ɗaruruwan kilomita kafin ta dawo maƙwabta.

Kira irin wanda muka saba da shi tun shigowar salula Nijar da Najeriya a 2001, shata ne. Kamar ka ɗauki shatar mota daga Maraɗi zuwa Jibiya: ba a tashi sai an samu mota, in an samu kuwa taka ce kai kaɗai, ko ka cika ta ko ka bar ta wayam kuɗinka ne. Haka cibiya ke ware maka hanya tun daga wayarka har ta wancan, ta riƙe ta har ka kashe. Shi ya sa ake lissafi da daƙiƙa, kuma doguwar gaisuwa da shirun da kake yi kana neman alƙalami duk a kanka suke. A tsarin GSM kowace kafar iska gida 8 aka raba ta, turke kuma kafofinsa ƙidayayyu ne. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, lokacin da dubban mutane suka taru ƙarƙashin turaku ƙalilan, kujeru ne ke ƙarewa. Sandunan rezo a cike, amma kira ya ƙi shiga.

Intanet kuwa haɗaka ce, irin yadda ake aika kaya a tasha. Saƙon murya ko hoton buhun wake da ka tura, wayarka daddatsa shi take yi ƙunshi-ƙunshi, kowane galibi bai wuce haruffa 1,500 ba in da rubutu ne. A jikin kowane ƙunshi akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa, akwai kuma lambar jeri. A kowace mahaɗa akwai na'ura mai aikin ɗan kamasho: ta duba adireshi, ta ɗora ƙunshin bisa hanyar da ta ga ta fi dacewa a wannan lokaci, tare da kayan wasu dubban mutane. Ba a ware wa kowa hanya. In sun isa sai a jera su bisa lamba, wanda ya ɓata a hanya a ce a sake turo shi. Kuɗin kuma na nauyin kaya ne, babu ruwansu da nisa.

Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila suka fito da ita, kowa daban, cikin shekarun 1960, kuma a 1969 aka haɗa kwamfutocin farko da ita a Amurka. Yau a tsarin 4G komai ƙunshi ne. Wayoyi da yawa ma in kira ya shigo sai sun sauka zuwa 3G ko 2G kafin su amsa.

Wanda ya gane wannan ya gane halin WhatsApp. Alamar maki guda tana nufin saƙonka ya isa rumbun kamfanin, biyu kuwa ya sauka wayar mutumin. Saƙon murya yana da haƙuri, yana iya lallaɓawa kaɗan-kaɗan har ya cika. Kiran WhatsApp ba shi da wannan haƙuri, don ƙunshin da ya makara zubar da shi ake yi, shi ne kake jin murya na yankewa. A ganina, in ana maganar farashi ranar cunkoso, saƙon murya ko rubutu ya fi, ga shi kuma shaida ce in gardama ta taso. Haka in ka tura kuɗi waya ta tsaya tana juyi, kada ka yi garajen sake turawa. Sau da yawa umarninka ya isa, amsar ce ta maƙale a hanya.

Nijar ba ta da teku, saboda haka yawancin ƙunshin da ke fita waje sai ya bi wayar gilashi ta ƙasashen maƙwabta ya kai gaɓa, irin su Kwatano da Legas, ya shiga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Bai mutu baki ɗaya ba, domin kamfanoni sun karkatar da kaya ta wayoyin da suka rage, sai dai cunkoso ya yi yawa.

Saura matsalar da ta fi ci wa mutanen iyaka tuwo a ƙwarya. Iskar rezo ba ta tsayawa a shingen duwan. Turken GSM a fili yana iya kaiwa kilomita 35, don haka kana zaune a Ɗan Isa wayarka na iya sakin turken gida ta kama na Najeriya in ya fi ƙarfi. Daga nan kai baƙo ne, farashin baƙo za a yi maka, wani lokaci har amsa kira sai ka biya. A 2007 Celtel ya shigar da Nijar, Najeriya da Cadi cikin tsarinsa na rezo guda, aka ɗan sarara. A 2024 kuma Nijar, Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan soke kuɗin yawo tsakaninsu, amma wannan bai shafi iyakar Najeriya ko Benin ba. Maganin yana cikin wayarka: ka shiga wajen zaɓen rezo, ka cire shi daga zaɓen kai-da-kai ka kafe shi bisa kamfaninka, ka kuma rufe intanet na yawo. Mai waya mai layi biyu ya riƙa duba wanda zai fita da shi kafin ya danna kira.