Boga ba nama: abincin mayar da ƙarfi bayan ƙwallo ko aikin wahala

Matasa masu buga ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe a sansani sukan tambayi ma'aikatan lafiya abin da za su ci jikinsu ya murmure, tunda nama ya yi tsada. Amsar ta shafi masu buga bulo, da masu faskare, da matan da ke wuni suna ɗibar ruwa, don tsoka ba ta bambanta wasa da aiki.

Idan mutum ya yi aikin ƙarfi, zaruruwan tsokarsa kan ɗan tsattsage. Jiki yana gyara su da sinadarin furotin, kuma a wannan gyaran ne tsoka ke ƙara ƙwari. Baligi yana buƙatar wajen giram 20 zuwa 25 na furotin a cin abinci ɗaya bayan motsa jiki. Ba dole ba ne a ci nan take. Cikin awa biyu ko uku ya wadatar, muddin ana samun furotin a sauran abincin yini.

A Amurka da Turai ana sayar da boga marar nama, wato curin abinci mai faɗi da ake sakawa cikin burodi, wanda aka yi da waken suya ko wani nau'in wake. Kowane curi yana da furotin wajen giram 20, da tsada mai yawa. Abin da ke cikinsa kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Giram 100 na busasshen wake yana da furotin wajen giram 23, gyaɗa 25, waken suya 36. Ɗanyen naman sa bai wuce 20 da 'yan kai ba. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗa, tunda an matse mai ya bar furotin a tattare.

Ga yadda ake yi. A jiƙa wake gwangwanin madara ɗaya da rabi tun da dare, a zubar da ruwan da safe, a dafa shi ya nuna sosai. Jiƙon yana rage cin itace, yana kuma rage kumburin ciki. Kada a cika kanwa, don tana lalata wasu sinadaran bitamin. A tsane waken ya sha iska, wannan shi ne inda aka fi kuskure, domin jiƙaƙƙen wake ba ya curuwa, wargajewa yake a kasko. A kirɓa shi a turmi sama-sama, a zuba garin ƙuli-ƙuli cikin hannu biyu, da garin gero ko masara cokali uku, da albasa, da attaruhu, da gishiri. Mai dusar awara ya ƙara, kada a zubar da ita, amma a tabbatar ta dahu, don ɗanyen waken suya yana hana jiki amfana da furotin. A cura gida shida, a danne kowanne ya yi faɗin tafin hannu, a shafa mai kaɗan a kasko ko tanda, a toya gefe-gefe har ya yi ja.

Kowane curi zai ba da furotin fiye da giram 10. Biyu cikin burodi ko tare da tuwo sun biya buƙata. Haɗin da hatsi yana da dalili: abin da furotin ɗin wake ya gaza a kai akwai shi a gero da masara, abin da hatsi ya rasa kuma wake yana da shi. Masu dafa shinkafa da wake sun daɗe suna yin haka. Yankan tumatir ko matsin lemun tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin waken. A sha ruwa mai tsabta sosai.

A ci a ranar da aka yi, kada ya kwana cikin zafin nan. A guji gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ko yake ɗaci, saboda gubarsa tana cutar da hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya bar ƙuli-ƙuli, mai ciwon ƙoda kuma ya fara zuwa asibitin sansani kafin ya ƙara furotin.

Wasu samari suna sayen kwaɓin gyaɗar nan na leda, Plumpy'Nut, wai don su yi ƙirji. Wannan magani ne na yara masu tamowa mai tsanani, an ƙidaya wa kowane yaro adadinsa gwargwadon nauyinsa. Leda ɗaya furotin ɗinta bai kai giram 15 ba, yawancinta mai ne da sukari, curin wake biyu sun fi ta. Duk ledar da ta shiga kasuwa an rage wa wani yaro maganinsa ne. Wanda ya ga ana sayarwa ya sanar da ma'aikatan abinci mai gina jiki a asibitin sansani.